Ranar da Yarana Suka Ƙi Amsa wa Gwaggo

A gidanmu na Baure, in an sauke tuwo ba a kashe wutar murhu, kakarmu Iya ce ke gaje ta. Sai ta jawo 'yar kujerarta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba. Ni ne sarkin surutu a cikinmu, ita kuma ba ta raga mini. "Maigida," in ji ta, irin wasan kaka da jika, "ko ƙwayar gero ba ka taɓa kawo mini ba, amma ka fi kowa miƙo hannu."

Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "To, ga ta nan ta iso bakin zaure," mu ce ta shigo mu ji. Wadda na fi so ita ce ta wani mai gari mai son barcin rana, wanda ya sa aka yi shela cewa kada mace ta ƙara waƙa in tana daka. Mata suka bi umarni. Amma da waƙa ake lugude, da ita kowace ke sanin lokacin sauke taɓaryarta. Da aka yi shiru sai taɓare suka dinga karo, turame suka tsage, gari duka ya koma cin tuwon tsaki, har shi mai garin. Ana nan sai wata tsohuwa kurma, wadda ba ta ji shelar ba, ta ɗaga taɓarya ta rera, "Wa ke daka a gidan nan?"

A nan Iya ke tsayawa, mu kuma mu ɗauka da ƙarfi muna buga cinya, "Mu ne, Iya, mu ne!" In amshin bai yi mata ba sai ta fara laluben takalmi, wai tafiya za ta yi. "Ni ba na yi wa bango tatsuniya," take cewa.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni yanzu hedimasta ne a wata firamare cikin garin Daura. Na sha fama kafin malamaina da iyayen yara su yarda a sa zane da waƙa da tatsuniya cikin darussa, don wasu gani suke ɓata lokaci ne. Saura amincewar jami'an ilimi, waɗanda suka ce sai sun zo sun gani da idonsu. In ba su gamsu ba, shi ke nan, an soke.

Sai na je na ɗauko Gwaggo Hajo, autar Iya, wadda ta gaji bakinta. Da farko ƙi ta yi, wai ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake. Na yi ta lallashi har ta ce, "Don kai ne, ɗan nan."

Ni kuwa tsoro ya cika ni kada yara su ba ni kunya. Ranar da jami'an za su zo, da safe na tara su na ja musu kunne, duk wanda na ji bakinsa a gaban baƙi zai gamu da ni. Na jera su sahu-sahu, malami a ƙarshen kowane layi.

Gwaggo ta zauna kan kujerar roba, aka riƙe mata lasifika. Ta kawo labarin tiryan-tiryan, har ta koya musu amshin. Da ta iso wurin tsohuwar ta rera, muryarta sak ta Iya. Ba wanda ya amsa. Ta sake. Yara suka juyo suna kallona. Na yi musu alama da hannu, amma ina, hannun da suka saba gani da bulala ba su san yana ba da izini ba. Ta ƙarasa labarin ita kaɗai, tana yi tana amsa wa kanta a hankali.

Jami'an suka tafa. Babbansu ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa ganin yara masu ladabi haka ba, kuma sun amince. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ina yaro, dariya nake yi wa mai garin nan, ina ganin wauta ce ta sa shi. Yanzu na san ba sai mutum ya zama wawa ba, ya isa a ce yana son a yabi tsarinsa. Na samu darasin waƙa a jadawali, amma shekaru na yi ina koya wa yaran nan rufe baki, kuma sun koya da kyau.

Da na sauke Gwaggo daga babur a ƙofar gida, na miƙa mata goro, ba ta karɓa ba. Ta daɗe tana gyara mayafi, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan," ta ce, "yaran mutane ne fa. Me kuka yi musu?"