Kwana Talatin da Takwas Saboda Sa Hannu Ɗaya

A sashen gashin ƙashi na asibitinmu ba mai kiranta da sunan yanka. Saura-Ɗaya kowa ke ce mata, daga mai shara har babban likita. Majinyata ne suka laƙaba mata, domin in ta ce mutum ya ɗaga ƙafa sau goma, ya kai goman yana haki, sai ta ce, "Madalla, saura ɗaya." In ya yi ɗayan, ta sake cewa haka.

Ni na san ta tun kafin wannan suna. 'Yar mai gyaran keke ce, ta fari cikin bakwai, ta tashi tana miƙa wa ubanta sifana da sauran kayan gyara. Shekara biyu na koyar da ita ilimin sassan jiki lokacin digirinta na farko. A layin gaba take zama, kusa da ƙwarangwal ɗin roba da muke ratayewa a kusurwa. Rubutunta kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda, amma in ta dafa kafaɗar mutum, hannunta ya san abin da ke ƙarƙashin fata. Da ta gama ta kama aiki, ta auri direban motar asibiti, suka haifi 'yan mata biyu. Shekara goma sha ɗaya tana cewa baɗi za ta koma digiri na biyu a kan jinyar masu shanyewar ɓarin jiki, kowace shekara kuma wani abu ya gitta.

Bara ciwon ya same ni, ɓarin dama. A hannunta na faɗa. Cikin wata huɗu ƙafa ta dawo, baki ya saki, hannu ne kawai ya ƙi, yatsu a dunƙule kamar na marowaci.

Wata Litinin da la'asar ta faɗo gidana da farar rigar aiki a jikinta, tana kaɗa ambulan.

"Malam, an buɗe karɓar fom ɗin digiri na biyu! Mutum goma sha biyu za su ɗauka. Mama, fito ki ji!"

Matata ta fito daga kicin tana goge hannu. Saura-Ɗaya ta baje takardu a tebur tana lissafawa: shaidar digiri akwai, lasisin aiki akwai, wasiƙar shugaban sashe gobe. Abu na ƙarshe shi ne shaidar malamin da ya koyar da ita a aji, da sa hannunsa a cikin akwatin da aka zana a ƙasan fom.

"Malamaina biyu sun rasu, ɗaya ya yi ƙaura ba a san inda yake ba," in ji ta. "Kai kaɗai ka rage mini, Malam."

Sai idonta ya sauka a kan hannuna.

"To, ba sai ya dangwala yatsa ba?" in ji matata.

Na ce Allah ya kiyaye. An koya mini rubutu da alƙalami mai bakin ƙarfe da kwalbar tawada, na sha rula a bayan yatsu saboda wutsiyar harafi guda ta karkace. Ban kai tsufa don in dangwala ba. Babban ɗana, wanda ya zo gaishe mu, ya ce abin ai mai sauƙi ne, zai ɗauki hoton tsohon sa hannuna ya manna da kwamfuta.

"A'a, Yaya," in ji Saura-Ɗaya. "In na shiga da hannun aro, da wane ido zan kalli majinyaci in ce masa ya daure?"

Na gwada hagu, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Ta ce hagun ma sai ya ci makonni, gara mu kashe kwanakin a kan mai ciwon. Muka duba kalanda. Kwana talatin da takwas suka rage a rufe karɓar fom.

Kullum ƙarfe huɗu da rabi, in ta tashi daga aiki, sai ga ta da jaka. Ba wani kayan Turai a ciki: maƙalan shanya, maɓallai, murafun kwalba, da faranti cike da yashi wanda nake zana haruffa a kai da yatsa. Ta yanko robar hannun keke daga shagon ubanta ta zura biro a ciki, ya yi kauri yadda yatsuna za su iya riƙewa. Ni kuma na sa aka sayo littafin rubutu mai layi, na ce kowace rana a sa kwanan wata a saman shafi, domin aikin da ba kwanan wata ba aiki ba ne. Ita ke rubutawa, da rubutun kazar nan nata, tana ƙara abin da muka yi a gefe.

Ranar farko tsutsa na zana. Ranar tara harafin farko ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan abu ya cije. Ranar ashirin hannu ya gaji, ta ce saura ɗaya, na yi, ta sake cewa saura ɗaya. Raina ya ɓaci, na yi wurgi da biron, ya daki ƙofa.

Maimakon ta ji haushi sai ta daka tsalle.

"Mama! Mama, zo ki gani! Da wane hannu ya yi jifan?"

Da dama na yi. Yatsun sun buɗe da kansu sun saki biron, abin da muka yi wata biyar muna nema.

"Da na san haushi ne maganinsa," in ji matata, "ai da tuni na warkar da shi."

Ranar talatin da shida muka sa hannu. Fom ɗin guda ne, ba wani. Aka kashe fanka, aka kwashe kofuna, matata ta danne gefen takarda da tafinta biyu. Saura-Ɗaya ta juya mana baya, wai ba za ta iya kallo ba. Na rubuta sunana a hankali. Ya karantu, sai dai wutsiyar ƙarshe, wadda na saba lanƙwasawa ƙasa, ta miƙe ta fita daga akwatin. Ta juyo ta gani, ta rungume matata har gilashinta ya faɗi.

Bayan mako uku aka kira ta ganawa, amma da ƙarin layi a wasiƙar: sa hannun da ke fom bai yi kama da wanda ke tsohuwar takardar sakamakonta ba, alhali sunan malami ɗaya ne, ta zo da bayani. Ta iso gidana ido ya yi ja.

"Malam, sun ɗauka ni na ƙirƙira. Da ma shawarar Yaya muka bi."

Na ce ta daina wannan magana. Na miƙa mata littafin, na ce kuma da ni za a je.

Mijinta ya kai mu. Na zauna a benci a baranda cikin masu jiran kira. Kowa minti goma yake yi ya fito, ita ta yi arba'in. Sai ƙofa ta buɗe, wata farfesa mai furfura ta leƙo da littafin a hannu.

"Ina mai hannun?"

Na shiga. Ta sa na matse yatsunta, ta murza wuyan hannuna, sannan ta tambayi Saura-Ɗaya me ya sa ta cire robar biron ranar ashirin da biyar ba ranar talatin ba. Ta amsa ba gargada, har da sunayen jijiyoyin da na koya mata, ban ji kuskure ko ɗaya ba. Farfesa ta buɗe shafin ƙarshe ta ce in sa hannu. Na sa. Ta ce in ƙara.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ashe ke ma irinta ce."

Da sunaye suka fito, ita ce ta huɗu cikin goma sha biyun. A waya ta faɗa mini, ban gane rabin maganar ba saboda ihun 'ya'yanta.

Ranar da za ta tafi karatu ta kawo mini sabon littafi. Ta riga ta sa kwanan wata a kowane shafi har zuwa hutunta na farko, ta ce za ta duba, kuma ta naɗa matata mai gadi. A cikinsa na rubuta wannan labari, da hannun dama, cikin kwana goma sha ɗaya. Wutsiyar nan har yanzu ba ta lanƙwasa yadda nake so ba.