Albashin Jajibirin Kasuwa

Ku yarda ko kar ku yarda, ni ɗin nan na taɓa zama mai biyan mutane albashi, alhali ni kaina nawa na gwamnati ya tsaya. Shekarar ce na ɗauki hutun da ba biya daga aikin gwamnati a Kazaure, wai zan zauna in yi tunani. Ko sati biyu tunanin bai yi ba yunwa ta kore shi. Sai kawuna, mai ɗan kamfanin kwangila da ofishinsa bai kai shagon mai shayi ba, ya ce in zo in riƙe masa biyan ma'aikata. Kwalbati suke ginawa tsakanin Roni da Gwiwa. Aka laƙaba min Manaja. Daga ranar ko gaisuwa da hanci nake amsawa.

Na tarar ana biyan su duk jajibirin kasuwar Gwiwa, hannu da hannu, a gindin darbejiya. Na ce wannan ƙauyanci ne, kamfani sai ƙarshen wata, kamar gwamnati. Kawu ya ce in yi yadda na ga dama.

Akwai wani dattijon magini, Baba muke ce masa, ya girmi mahaifina. Damina ta zauna, gero ya taso, ya same ni ya ce yana son nasa kafin kasuwa, zai sayi taki ya zuba tun ƙasa na da laima. Na zazzaga masa doka kamar ni na haife ta. Ya ce to, ya koma kan bulonsa.

Ni kuwa tun wata bai raba ba na ciri nawa, na kai wa tela shadda. Manaja ai ba ya yawo da tsohuwar riga.

Kafin wata ya ƙare ruwa ya ɗauke, lokacin zuba taki ya wuce. Geron maƙwabtan Baba kore shar, nasa rawaya kamar mai ciwon shawara. Duk sanda na bi ta gefen gonar a babur sai in kau da kai, in yi kamar madubi nake gyarawa.

Ranar biya na je cikin sabuwar shaddar. Na ɗora wa Baba ɗan ƙari daga aljihuna, ina ta zuba barkwanci don kar wurin ya yi shiru. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ware ƙarin ya ajiye min a kan benci, sannan ya kama bakin hannun rigata ya murza.

"A kashe lafiya, Manaja. Ashe takin nawa ka kai aka ɗinka. Ya kuwa fi karɓar ka a kan gonar."