Shaidar da Na Sayar a Maƙera

Ni manomi ne a Boko, ƙasar Kusada. Da rani ina dillancin awaki a kasuwar Kankia. Ban taɓa satar ko kaza ba, kuma da wannan na daɗe ina ruɗin kaina.

Akwai wani maƙeri, Baba Sale, mai ƙera wa mafarauta bindigar toka. Ba ya sayar wa mutum sai an sami wanda zai dafa kafaɗarsa ya ce ya san shi, ya san gidan ubansa. Da ɓarayin daji suka matsa, kowa ya koma neman bindiga, aka fara gunaguni. Wasu suka ce a bar talaka ya kare kansa, wannan tambaye-tambaye ɓata lokaci ne. Ina cikin masu faɗin haka, muryata ta fi ta kowa.

Wanda na fara tsaya wa maƙwabcina ne, na san shi da gaske. Ya ba ni na goro, na ji daɗinsa. Daga nan abin ya zama sana'a. Duk wanda ya sauko daga mota ya tambayi hanyar maƙera, ni ne shaidarsa.

Wata ranar kasuwa na kai wani baƙo. Baba Sale ya ajiye guduma ya dube ni.

"Kai, tsakaninka da Allah, ka san shi?"

"Haba Baba, ai tare muka yi kiwo."

"To. Ni ƙarfe na sani, mutum kai ka sani."

Da wannan bindigar baƙon ya harbe mijin ƙanwata Hajara a hanyar Kafin Soli, saboda babur. Da aka kama shi ya nuna maƙera, aka zo aka tafi da Baba Sale, da ni da na ba da shaida. A gaban alƙali aka tambaye ni sunan baƙon, ban sani ba. Aka ɗaure mu duka. Baba Sale bai fito da rai ba.

A gidan yari na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau ina koyo. Na tuba, ina roƙon Allah gafara.

Da aka sake ni na wuce wajen Hajara. Ta kawo mini ruwa, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, yaran nan kullum suna tambayata wa ya kashe ubansu. Ban faɗa masu sunanka ba. Kada ka sake zuwa."

Ban sake zuwa ba.

Har yanzu ina jin matasa a majalisa suna cewa me ya sa za a binciki mai sayen bindiga. Ku saurare ni. Mai neman kare gidansa ba ya tsoron a tambayi gidan. Kada ku shaidi wanda ba ku sani ba, ko nawa ya ba ku. Ni ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba, amma marayun ƙanwata suna girma ba su san suna da kawu ba.