Yadda Koci Ya Rufe Mini Baki a Raga

Lokacin da abin nan ya fara shekarata goma sha tara, na gama sakandare ke nan, ina gidan iyayena ta wajen Sahuda. Doguwa ce ni, ga faɗin tafin hannu, ga baki. Ko a gida an san ni, in na ga abu ba daidai ba sai na faɗa, ko wa ke zaune a wurin. A makaranta aka fara tura ni raga saboda tsayina, na kuwa so wurin, don daga nan kana ganin filin gaba ɗaya. Da na ce zan shiga wata ƙungiyar ƙwallon 'yan mata a cikin gari, babana bai hana ba, amma ya yanka mini wa'adi: damina biyu. In ƙwallo ba ta kai ni ko'ina ba, in ajiye ta in koma shagon ɗinkin ƙanwar mamata. Nan take na yarda, don a ganina damina biyu ma ta yi mini yawa.

Kocinmu ya kai shekara hamsin. Lamba tara, wato ɗan gaba, ya buga a zamaninsa, bai taɓa tsayawa a raga ko na minti ɗaya ba, amma ban kawo wannan a raina ba sai da aikin gama ya gama. Shi ya ba ni safar hannu ta farko a rayuwata, saboda haka maganarsa a wurina kamar ta uba ce. Wata na uku da shigata muka je wasan sada zumunta a Maiha. Za a bugo kwana, na hango wata 'yar gaban abokan karawarmu tsaye ita kaɗai, kyaftin ɗinmu kuma tana can tana gyaran safa. Na ƙwala wa kyaftin ɗin kira da sunanta, na ce ta daina kallon ƙafarta ta kama mutum. Ta kama, ta cire ƙwallon da ka, muka tashi babu ci. A mota kuwa sai ta kai ƙarata wurin Koci, wai na kira sunanta gatsau a gaban mutane ba ko Anti, alhali ta girme ni da shekara biyar. Na zaci Koci dariya zai yi. Sai ya juyo ya ce mini rashin tarbiyya ce, gola na gaske da hannu yake magana, kuma daga ranar shi da kansa zai gina mini ƙarfin zuciya.

Ga ginin da ya yi mini. Ya kafa doka cewa duk ƙwallon da ta shiga raga, ko ta yaya ta shiga, ni zan ɗauko ta, in ɗaga hannu sama, in ce laifina ne, kowa ya ji. Ko 'yar bayanmu ce ta ci gida, laifina ne. A ƙarshen kowane atisaye kuma sai ya jera 'yan wasan a bakin da'ira su yi ta dirka mini ƙwallo, waɗanda ke jiran layi suna yi mini ba'a, suna ce mini rariya, suna tambaya ko kaza ce ta koya mini kamu. In na buɗe baki na rama, zagaye biyar na fili. Ya ce haka ake yi a manyan ƙungiyoyi, wanda ya jure zagin 'yan uwansa, ihun 'yan kallo ba zai girgiza shi ba. Ban taɓa ganin babbar ƙungiya ba, da me zan musa? Watannin farko na sha zagaye har na daina ji. Daga baya na koyi haɗiye magana. In na ga ɓaraka a baya, maimakon in faɗa, sai in gyara tsayuwa in jira harbi. Na zama gwanar faɗuwa, gwiwoyina da gwiwar hannuna duk tabo, mutane suna tafa mini, ni kuma ina jin na iso.

Damina ta biyu na gab da ƙarewa aka ce wata mata mai horar da masu tsaron gida za ta zo daga Yola, tana neman gola ɗaya da za ta tafi da ita sansanin horo. Aka haɗa wasa tsakaninmu da wata ƙungiya ta wajen Bahuli. Golarsu gajera ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, na dube ta na ce a raina yau an gama. Aka fara wasa, na yi ta shawagi, na ture wannan, na cafke wancan, har da wadda na taɓa da ɗan yatsa ta daki turke. Ita kuwa waccan da ƙyar ta taɓa ƙwallo, sai surutu kamar mai tallan gyaɗa a tasha: ke koma, ke matso, bar mini, kama ta hagu. Har tausayinta na ji. Saura kaɗan a tashi suka samu kwana. Tun kafin a bugo na ga wata tsaye a turke na biyu ba mai riƙe da ita. Na gan ta sarai, har launin ɗaurin gashinta zan iya faɗa yau. Maimakon in yi kira, sai na gyara tsayuwa. Aka bugo, ta sa kai, ƙwallo ta shiga. Na ɗauko ƙwallon, na ɗaga hannu, na ce laifina ne.

Bayan an tashi matar ta kira mu mu biyu, ni da golarsu, Koci yana tsaye gefenta. Ta tambaye ni ko na ga yarinyar da ta ci. Na ce na gan ta. Ta ce tun yaushe. Na ce tun kafin a bugo. Ta ce to me ya hana ni magana. Sai na maimaita abin da bakina ya saba, cewa laifina ne. Ta ce wannan karon gaskiya na faɗa, amma ba a hannuna laifin yake ba. Ta ce hannuna ya fi na waccan nesa ba kusa ba, sai dai rabin ƙwallayen da na yi ta faɗuwa a kansu, da na yi magana da ba a ma buga su ba. Kamu za ta iya koya wa mutum cikin 'yan watanni, amma golar da za ta ga haɗari ta yi shiru, ba ta da lokacin da za ta zauna tana lallashinta. Gajerar nan ta ɗauka.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya ba wannan ba ne. Koci ne ya gyaɗa kai, ya ce wa matar ai Madam ta yi gaskiya, shi ma ya daɗe yana fama da ni in riƙa buɗe baki, amma yarinyar kunya ta yi mata yawa. A gabana ya faɗa, ko idonsa bai ƙifta ba. Ni kuwa, ni da ko yayyena maza ba sa ja da ni a gida, na tsaya kamar an dasa ni, ban ce uffan ba. Matar ta shiga mota da ƙaryar nan a kunnenta. Wannan shirun ba zan ɗora wa kowa ba, nawa ne, kuma shi na fi jin haushi.

Babana bai yi mini gori ba, ya dai tambaye ni ranar da zan fara zuwa shago. Yanzu a kan keken ɗinki nake wuni. Ranar Asabar nakan tsare wa wata ƙaramar ƙungiya raga, ina kuma magana, amma kullum a makare take fitowa, kamar sai na nemi izinin wani tukuna. A raga kuwa wannan ɗan jinkirin ya isa a ci ka.

Abin da na gane shi ne juriya daban, mutuwar zuciya daban, kuma wanda bai san aikin ba yakan sayar maka da ta biyun da sunan ta farko. 'Yan uwana mata da ke shiga wasanni, da ma duk mai koyon wani abu a hannun wani, ku girmama mai koya muku, amma ku tambaye shi amfanin abin da yake sa ku yi, ku kuma bincika ko shi ya taɓa tsayawa inda ya tsayar da ku. In tambaya kaɗai ta ɓata masa rai, ku nemi wani tun da sauran lokaci. Ranar da horonsa ya kayar da ku, ba zai ɗaga hannu ya ce laifinsa ne ba. Zai tsaya a gefe ne yana gyaɗa kai tare da masu ganin laifinku.