Ɗakin da Ke Saman Benen Sharafiyya

Ana sallame asuba muka bar Makka, ni da abokin tafiyata, ga jirginmu na Kano zai tashi da yamma. Shi hankalinsa na kasuwa, ni kuwa saƙon Hajiyarmu ne ya tsaya mini a rai. A Jidda ta haife ni, a wani ɗaki can saman bene a Sharafiyya, lokacin marigayi Baba yana gadin ginin. Ina ɗan shekara biyu muka dawo gida. Yanzu ƙafa ta zaunar da ita, kuma tsaraba ɗaya ta roƙa, hoton wannan ɗaki.

Hanya sumul, amma muna shiga Jidda cunkoso ya riƙe mu. Direbanmu, wani ɗan Nijar, sai da ya kai mu gine-gine biyu da ba su ba ne, kowanne ya rantse shi ne. Mun tsaya mun karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, riyal biyar ya ƙosar da mu. Abokina har da neman ƙari, ni ina ta duba agogo.

Sai wajen sha ɗaya muka same shi. Gaskiya ginin ya isa a kalla. Hawa goma ne a kan manyan ginshiƙan siminti, ƙasansa fayau iska na wucewa, bangon barandarsa duk ƙananan huduji kamar rariya. Fentin ya koɗe, amma kwarjininsa na nan. An ce ɗaliban zanen gini har takanas suke zuwa kallonsa.

To, a nan na yi aika-aikar. Zumuɗi ya ɗebe ni, ko sallama ban yi ba na ɗaga waya ina ta ɗaukar baranda, na manta gidan mutane ne, ga shanyar matansu a kai. Ban ankara ba mai gadin ya tsaya a gabana, wani dattijo Bahaushen Sudan.

"Kai baƙo, a garinku haka ake yi wa iyalin mutane? Yalla, maza goge."

Na goge tas, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi masa bayanin Baba, bai ko dube ni ba. Ina tsaye a rana, gumi har cikin takalmi, abokina yana ta nuna mini lokaci, aka kira azahar. Sahu ɗaya muka yi da dattijon. Da muka fito ya miƙo hannu.

"Kawo wayar. Ka hau ka gani da idonka, halas, shi ke nan. Hoto kam ka riga ka ɓata."

Na roƙa, na haɗa shi da Allah, ya ƙi. Na hau ina haki, don lif ɗin ya daɗe da mutuwa. Ɗakin ɗan ƙarami ne, an cika shi da tsoffin fankoki da bokitan fenti. Taga ɗaya, tana kallon yamma, gabanta kuma bangon wani sabon dogon gini. Na dafa bango na yi wa Baba addu'a, hawaye ya zo mini. Ban yi minti biyar ba na sauko, da ƙyar muka samu jirgi.

Washegari a Kano na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata babu hoto, kuma laifina ne. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kullum da yamma takan goya ni ta tsaya a tagar nan tana kallon teku, don an ce mata gida yana bayan ruwan. Sai ta tambaye ni ko har yanzu ana hango shi.

Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da kake kira wurin kallo, gidan wani ne. Amma tambayar Hajiya ban shirya mata ba. Na ce mata ana hangowa, shuɗi shar. Allah ya yafe mini.