Lambar Yayana

Ina aji na huɗu a lakwal ta Dogon Dutsi aka dawo mana da yayana daga yaƙin Nasara. Da ƙarfi aka ɗauke shi soja daga garinmu kusa da Matankari, yana saurayi mai son kokawa da surutu. Da ya dawo kuwa, ba ya gane kowa. Sai ya zauna gindin rumbu, in aka kira sunansa ya zabura ya ƙame, ya faɗi wasu kalmomi da Faransanci, kullum su ɗin dai.

Inna ta ce iska ce. Ta kai shi wurin 'yan bori, aka yanka baƙar akuyarta, doguwa, iskar da suka kira, ba ta yi magana ba. Da na zo hutu ta jawo ni gefe.

"Kai da ka san bakinsu, mi ya ka cewa?"

Na saurara. Lambarsa ce ta soja: dubu talatin da talatin da ɗaya.

"To mi a cikinta? Ba banza suka ba shi ita ba. Ka bincika mani."

Na ɗauki abin da gaske. Na share ƙasa na rubuta ta da tsinke. Mara ce, ba cika ba. Na raba ta biyu, saura ɗaya. Na raba uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, kowane karo ɗaya ke saura. Tsoro ya kama ni, na fara zaton Inna ta yi gaskiya.

Da muka koma lakwal, na kai wa mushe, malaminmu, na gaya masa lambar wa ce da halin da mai ita yake ciki. Ya yi murna ƙwarai. Ya rubuta ta a allo, ya ce wa aji ga lamba mai yaudara: ta yi kama da waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, amma ba ta cikinsu. Muka wuni muna gwadawa, wanda ya yi kuskure ya sha bulala. Can wajen la'asar aka samu: hamsin da tara sau ɗari biyar da tara. Aka yi tafi. Ya yaba mini da na kawo darasi mai kyau. Bai tambayi sunan yayana ba.

Da aka sake yin hutu, na kai wa Inna amsar. Ta saurare ni har na gama, tana tankaɗe.

"Na ji ta rabu. Shi mi suka yi mai?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da rani ya yi, wata safiya yayana ya fita ya nufi gabas, babu takalmi. Wasu Fulani makiyaya sun ce sun gan shi yana tafiya irin ta soja, sun ba shi nono ya ƙi sha. Baba ya bi sawunsa har iyakar ƙasa, ya dawo shi kaɗai.