Dipulomar Rabi da Na Karɓa da Hannuna

Ni 'yar Kiyeshe ce, ɗiyar manomi. Kafin wannan abu ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu burebe, dipulomar gama kwaleji, na shiga lise a Dogon Dutsi, amma bak, jarrabawar gama sakandare, ta ƙi ni. Sai na zauna wurin gwaggona a nan Dutsi ina neman aiki. Har yau in moto ya tsaya ƙofar gidanmu gabana faɗuwa yake.

Duk mai neman aiki a nan ya san dosiye: takardar roƙo da ka rubuta da hannunka, takardar haihuwa, kaziye daga gidan shari'a mai shaida ba a taɓa kama ka da laifi ba, da fotokofin dipuloma da meri, ofishin magajin gari, ta buga wa hatimi. Fotokofi, ba ta asali ba. Mushenmu, wato malaminmu na kwaleji, ya sha faɗa mana cewa ta asali ba a ba da ita sau biyu, ta je a kwafa ta koma akwati. Na san wannan sarai. Ku riƙe shi.

Na kai dosiye famasi inda ake sayar da magani, na kai lakwal mai zaman kanta, na kai wurin ajiyar kuɗi. Kowa ya ce za a kira ni. Gwaggo kan dube ni da safe ta ce, "Madam sakatariya, tunda biro bai kira ba, turmi na kira."

A shagon fotokofi na gamu da wani da ake ce wa Mushe Sale, sanye da riga mai aljihu da yawa irin ta ma'aikatan furoje masu aikin agaji. Ya ce sabon furoje na ciyar da yara zai ɗauki matasa daga ƙauyuka, yana neman mai ilimi da za ta tattara masa dosiyoyi. Nan take ya ɗauke ni. Bai tambaye ni komai ba, ko dosiyena bai buɗe ba. Aikina in karɓi kuɗin dosiye, in kuma karɓi dipuloma ta asali, wai manya a Yamai sun gaji da takardun jabu. Zuciyata ta ce ba haka ake yi ba. Amma ya ba ni riga irin tasa, ya ce ina da rabona a kan kowane mutum, sai na kama aiki.

Na je Sukukutane, na je Tibiri. Ba wanda ya san Mushe Sale. Ni aka sani. Da an ce ɗiyar wane ce ta Kiyeshe, sai uwa ta shiga ɗaka ta buɗe akwati.

Wata rana alƙalamina ya faɗi ƙarƙashin tebur a ɗakin da muke kira biro, wato ofishinmu, kusa da tasha. Na duƙa, na ga buhun shinkafa cike da dipulomomin da ya ce an aika Yamai. Da na tambaye shi bai ko firgita ba. Dariya ya yi, ya ce wanda dipulomarsa ke hannunka ba ya kai ka jandarma, lallashinka yake yi. Sannan ya rage murya ya ce, "Kuma ke kika karɓa. Ni wa ya ga fuskata?"

Ranar ya kamata in fita in nufi jandarma da ƙafata. Ban fita ba. Tsoro ya riƙe ni, amma ba tsoro kaɗai ba: na saba da a ce mini ma'aikaciya, kuma gwaggo ta daina zancen turmi.

Ana nan sai ga Rabi, ɗiyar kawuna, ta zo ranar kasuwa da dipulomarta a naɗe cikin leda. Ta ce, "Yaya, kina ta yi wa bare hanya. Mu mi muka yi miki?" Na ce ta dakata, wurare sun cika. Ta kira kawu a waya ta miƙa mini, ya ce in ba na son ɗiyarsa ta kamo ni ne in faɗa masa ya sani. Gaskiya tana bakina, na kasa furta ta. Na miƙa hannu na karɓa, da nufin in ɓoye ta cikin jakata in mayar daga baya. Ban kai ga buɗe jakar ba Mushe Sale ya shigo. Ya zare ta daga hannuna, ya yi wa Rabi murmushi, ya ce ƙanwar ma'aikaciyarsa ai ita ce ta farko. Rabi ta durƙusa ta yi masa godiya a gabana.

Ba a jima ba na tarar da kwaɗo a ƙofar biro, wayarsa a kashe. Matasa suka fara zuwa gidan gwaggo, da farko da sallama, daga baya babu. Rannan da hantsi moto ya tsaya, jandarma biyu suka sauka. Na faɗi duk abin da na sani. Aka ce mutumin ya ƙetare iyaka, buhun kuma ba a gan shi ba. Alƙali ya tambaye ni ko na ci gaba da karɓa bayan na ga buhun. Na ce e. Aka kai ni gidan kaso.

Rabi ta zo ganina sau ɗaya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce an buɗe jarrabawar shiga lakwal ɗin aikin likita, meri ta ce sai ta ga ta asali kafin ta buga hatimi, kawu na ta zirga-zirga Doso neman takardar madadi har aka rufe karɓar dosiye. Sannan ta ce, "Yaya, ko fotokofi ba ki aje mini ba?" Na ce a'a. Ta ajiye kwanon abincin da ta kawo ta tafi.

Yanzu na fito. Na tuba ga Allah, na je gidan kawu na durƙusa. Ya ce ya yafe, amma bai dube ni ba.

'Yan'uwana masu neman aiki, na san zaman jira da zafi. Amma wanda ya ɗauke ku bai tambaye ku abin da kuka iya ba, ku ji tsoronsa. Ku je meri ku tambaya ko an san wannan furoje. Kar ku biya kowa don ya karɓi dosiyenku, kar ku saki ta asali. In kuma kun riga kun shiga, ranar da kuka ga naku buhun, ranar za ku fita.

Tawa dipulomar tana nan cikin akwati, lafiya lau, don bai taɓa tambayarta ba. Jiya na ga sanarwar aiki a bangon meri, irin wanda zan iya. Na karanta har na kai layin da aka rubuta kaziye, sai na juyo gida.